'Yan Kweka da sujadar shiru: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Tun ranar da na ba da labari a wajen zumuntar matasa cewa shekarun da na yi ina karatu a Birmingham ta Ingila kusan kowace Lahadi wajen 'yan Kweka nake zuwa sujada, tambayoyi ba su daina zuwa ba, wasu ta WhatsApp wasu a tsaye a bakin ƙofa bayan an tashi coci, kuma kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa. Shi ya sa na tara su wuri guda. Ni dai ba memba ba ne nasu, har gobe ina cocin da aka yi min baftisma, amma na zauna da su na daɗe, kuma abin da na samu wajensu ya canza min yadda nake addu'a.

Wai su wane ne 'yan Kwekan nan?

Wata ɗarika ce da ta fito daga cikin Kiristanci a Ingila wajen 1650, su kansu Abokai suke kiran junansu, daga maganar Yesu a Yohanna 15:14 inda ya ce ku abokaina ne in kuna yin abin da na umarce ku. Tushen koyarwarsu gajere ne: Almasihu yana nan da rai kuma shi da kansa yana koyar da mutanensa, kowane ɗan Adam yana iya jin muryar Allah a zuciyarsa kai tsaye ba sai ta bakin wani limami ba. Wannan abin suke kira Haske, daga Yohanna 1:9. Duk sauran abubuwan da za ku karanta a ƙasa, shirun nan, rashin fasto, ƙin rantsuwa, ƙin yaƙi, daga wannan tushen suka tsiro.

Ba su da yawa, duk duniya wajen dubu 400 ne, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ba Ingila ba ce ba Amurka ba, Kenya ce.

Su ne masu Quaker Oats ɗin da muke damawa da safe?

A'a. Kamfanin Amurka ne ya ɗauki sunan da hoton dattijon nan mai hula tun 1877 saboda a lokacin an san 'yan Kweka da gaskiya a ciniki, amma ba kamfaninsu ba ne. Abin da yake da asali wajensu shi ne Bournvita, ta kamfanin Cadbury. John Cadbury ɗan Kweka ne, ya buɗe shago a Birmingham a 1824 yana sayar da shayi da kofi da koko don mutane su samu abin sha maimakon giya, 'ya'yansa suka mayar da masana'antar bayan gari a 1879 suka kira wurin Bournville, daga baya aka gina wa ma'aikata gidaje masu lambu. Yanzu kamfanin ya daɗe da fita daga hannun iyalin. Bankin Barclays da Lloyds ma 'yan Kweka ne suka kafa su. Dalilin da ya sa suka yi suna a kasuwa yana cikin amsar rantsuwa a ƙasa.

Me ya sa ake ce musu Kweka?

Asali sunan ba'a ne, ma'anarsa masu rawar jiki ko masu makyarkyata. A 1650 aka gurfanar da George Fox, wanda ya fara wannan hanyar, gaban alƙali a garin Derby, Fox ya ce wa alƙalin ya yi rawar jiki a gaban maganar Ubangiji, shi kuma alƙalin ya laƙaba musu sunan. Sunan ya bi su har suka karɓe shi.

Shi George Fox ɗin me ya dame shi har ya kawo wannan hanyar?

Ɗan masaƙi ne, an haife shi a 1624, ya yi koyon aiki wajen wani mai ɗinkin takalma. Yana da shekara 19 ya bar gida yana yawo gari-gari da nauyi a zuciya, ƙasar kuma tana cikin yaƙin basasa, kowane ɓangare yana cewa Allah na tare da shi. Ya je wajen limaman coci ɗaya bayan ɗaya neman taimako, a labarin da ya bayar da kansa wani ya ce masa ya sha taba ya riƙa rera zabura, wani ya ce a yi masa ƙaho a fitar da jini. A 1647 da ya fid da rai da su duka sai ya ji a zuciyarsa cewa akwai guda ɗaya, Yesu Almasihu, wanda zai iya magana da halin da yake ciki. Daga nan komai ya fara.

A 1652 ya hau dutsen Pendle a arewacin Ingila, bayan 'yan makonni ya yi wa'azi ga mutane kusan 1000 a fili a Firbank Fell, ƙungiyar ta kafu. Sun sha wuya ba kaɗan ba, Fox kansa sau takwas ana ɗaure shi, dubbai sun shiga kurkuku ɗaruruwa sun mutu a ciki kafin dokar sassauci ta 1689. A Boston ta Amurka ma an rataye wata mata Mary Dyer a 1660 don ta ƙi daina dawowa garin bayan an kore ta.

Yaya sujadarsu take? Da gaske ba waƙa ba wa'azi?

A irin wadda na halarta, da gaske ne. Ka shiga ɗaki, ba bagade ba mumbari ba gicciye a bango, kujeru ne a zagaye kowa na fuskantar kowa, a tsakiya ɗan tebur da Littafi Mai Tsarki da wani littafinsu na nasihohi wani lokaci da fure. Ba wanda zai ce mu tashi mu buɗe da addu'a, da zarar mutum na farko ya zauna ya yi shiru to sujada ta fara. Haka za a zauna kamar awa ɗaya. Can wani zai iya miƙewa ya faɗi magana ta minti ɗaya ko biyu, ko aya ko addu'a ko wani abu da ya tsaya masa a rai, ya zauna, ba wanda zai ce amin da ƙarfi ba wanda zai amsa masa, shiru ya sake rufe wurin. Wata Lahadin mutum uku ko huɗu za su yi magana, wata kuma har a tashi ba wanda ya ce uffan. Idan lokaci ya yi sai dattawa biyu su yi musabaha, kowa ya ba na kusa da shi hannu, shi ke nan an tashi, sai sanarwa sai shayi.

Ranar farko kam na sha wahala, ni da na tashi cikin ganga da kwaya da amin-amin, minti goma ya zame min kamar wuni. Sai wajen Lahadi ta huɗu na fara gane cewa shirun nan ba na mutum ɗaya ba ne, na jama'a ne, akwai ranar da za ka ji duk ɗakin ya nutsu tare kamar ruwan randa da laka ta kwanta, kuma wani da ba ka taɓa yi wa magana ba ya miƙe ya faɗi daidai abin da kake ta fama da shi. Su suna danganta wannan da alkawarin Matiyu 18:20, inda biyu ko uku suka taru cikin sunana ina tsakiyarsu.

To a cikin shirun me mutum yake yi? Tunani kawai?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Su jira suke kiransa, jiran Ubangiji. Ba wai ka share kanka ya zama fanko ba ne, kuma ba lokacin jero wa Allah buƙatu ba ne, sauraro ne. Ka tuna Iliya a 1 Sarakuna 19, iska ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya ciki, sai wata 'yar murya mai sanyi. Ko Zabura 46:10, ku yi shiru ku sani ni ne Allah. Mu nan gaskiya mun iya yi wa Allah magana, muna iya kwana muna yi, amma yaushe muka ba shi fili ya amsa? Wannan ya dame ni sosai da na gane shi a kaina.

A aikace yadda yake min shi ne minti goma sha biyar na farko hayaniya ce zalla, kuɗin haya, saƙon da ban amsa ba, maganar da wani ya faɗa min ta ɓata min rai. Ba na kokawa da su, ina barinsu su wuce, in na ga na yi nisa sai in dawo da wata gajeriyar aya. Bayan nan ne abubuwa ke fara fitowa, kuma sau da yawa ba masu daɗi ba ne. 'Yan Kweka na farko sun faɗa ƙarara cewa aikin Haske na farko shi ne ya nuna maka laifinka, sannan ya nuna maka mafita. Ni a irin wannan zaman ne na ga cewa bashin da nake ta ja wa wani ɗan'uwa rai a kai ina da halin biya tun tuni, ba wanda ya yi min wa'azi, kawai ba inda zan ɓuya ne. Akwai kuma abin da suke cewa riƙe mutum cikin Haske, wato ka kawo mara lafiya ko wanda kuke rigima da shi gaban Allah a zuciyarka ka tsaya da shi a can, ba tare da ka tsara wa Allah abin da zai yi masa ba.

Ta yaya mutum zai san Ruhu ne ya tura shi ya yi magana, ba son a ji muryarsa ba?

Su ma sun san wannan haɗarin, shi ya sa suke koya wa mutum ya tambayi kansa kafin ya miƙe: saƙon nan nawa ne ni kaɗai ko na jama'a ne, na yanzu ne ko na wani lokaci, amsa nake so in mayar wa wanda ya yi magana kafin ni? In amsa ce to a zauna. Ba a zuwa da rubutaccen jawabi daga gida, ba a magana sau biyu a zama ɗaya, kuma ana barin tazara bayan wani ya gama. Da yawa suna cewa in na gaske ne za ka ji gabanka na faɗuwa har ka kasa zama. Duk da haka ana kuskure, na sha jin wanda ya miƙe ya maimaita labaran da ya ji a rediyo da safe. Irin wannan dattawa ne suke jan mutum gefe daga baya su yi masa magana a hankali.

Duk 'yan Kweka haka suke sujada?

Ko kusa. Mafi yawansu a duniya yau suna da fasto da waƙa da wa'azi, in ka shiga cocinsu a yammacin Kenya ba lalle ka bambanta shi da namu ba sai dai wani wurin a ɗan yi shiru a tsakiya. A 1902 ne 'yan mishan uku daga Amurka, Willis Hotchkiss da Arthur Chilson da Edgar Hole, suka sauka a Kaimosi, suka kafa makaranta da asibiti, yau 'yan Kweka a Kenya sun haura dubu 100 yayin da mambobinsu a Birtaniya ba su kai dubu 15 ba. Akwai su da yawa a Burundi da Bolibiya da Gwatemala. Sujadar shiru zalla ta fi yawa a Birtaniya da Turai da gabashin Amurka, a yankinmu kuma akwai daɗaɗɗen taro na Hill House a Akara.

Tsakani da Allah, Kiristoci ne kuwa? Sun yarda da Littafi Mai Tsarki?

Amsar ta danganta da wane reshe. 'Yan Kweka na farko Kiristoci ne ba tantama, Fox ya san Littafi kamar tafin hannunsa. Abin da suka ce shi ne Ruhun da ya ba da Nassi shi ne tushe, kuma ba za ka fahimci Nassi ba sai cikin wannan Ruhun, sannan duk wani wahayi da ya saɓa wa Nassi ruɗi ne. Wani daga cikinsu, Robert Barclay, ya tsara wannan a littafinsa na 1676. Daga baya rigima ta tashi a kan wanne za a fi ba nauyi, Haske na ciki ko Nassi, har suka rabu a Amurka a 1827, kuma rabuwar ba ta gama warkewa ba.

Yau na Kenya da Latin Amurka da yawancin na tsakiyar Amurka masu bishara ne sosai. Na Birtaniya kuwa sun buɗe ƙofa ƙwarai, a ɗakin da nake zuwa akwai masu ƙaunar Yesu da gaske, akwai kuma waɗanda ko kalmar Allah ba su cika son amfani da ita ba, kuma a kan batun aure ma su da na Afirka sun yi hannun riga. Ba zan ɓoye muku ba wannan ya dame ni, a ganina in aka cire Almasihu daga shirun an cire wanda ake jira. Wanda zai je ya san da wannan tun daga gida.

Me ya sa ba sa baftisma da cin jibi?

A al'adarsu ta asali ba sa yin na ruwa da na gurasa, sun ce baftisma ta gaskiya ita ce ta Ruhu wadda Yohanna mai baftisma ya ce mai zuwa bayansa zai yi, tarayya da Almasihu kuma a zuciya take, kowane abinci da aka ci da godiya yana iya zama jibi. Dalili ɗaya ne ya sa na farko ba su ware Kirsimeti ko Ista ba, wai kowace rana ta Ubangiji ce. Wasu cocinsu na yanzu suna barin mai so ya yi baftismar ruwa. A nan ni ban bi su ba, Yesu ya ce ku yi wannan domin tunawa da ni kuma ina yi, sai dai tambayarsu ta zauna min: wanda ya ci jibi ran Lahadi ya cuci abokin ciniki ran Litinin, me ya ci?

In ba fasto wa yake shugabanci, wa yake ɗaura aure?

A reshen shiru aikin raba shi ake yi, akwai dattawa masu kula da sujada, akwai masu kula da marasa lafiya da mabuƙata, akwai magatakarda, duk na ɗan wa'adi ne kuma ba albashi. Sukan ce ba limamai suka soke ba, 'yan kallo suka soke. Taron shawara ma sujada ce, da shiru ake farawa, kuma ba a ƙuri'a sam. Kowa ya faɗi nasa sau ɗaya, magatakarda yana sauraro, in ya ga inda hankalin taro ya dosa sai ya rubuta a take ya karanta, a gyara har kowa ya ce to. In ba a haɗu ba a ɗage zuwa wani wata. Yana cin lokaci ƙwarai, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda zaɓen dattawa yake raba ikkilisiya gida biyu zai gane amfaninsa.

Aure kuwa ango da amarya ne suke miƙewa a tsakiyar shiru su riƙe hannu su yi wa juna alkawari a gaban Allah, don sun ce Allah ne mai haɗawa, sannan duk wanda ya halarta har yara ya sa hannu a takardar shaida. A tsofaffin maƙabartunsu duwatsun duk girmansu ɗaya, mai kuɗi da talaka.

Mata suna wa'azi a cikinsu?

Tun ranar farko. Margaret Fell, wadda gidanta na Swarthmoor ya zama cibiyar ƙungiyar, ta rubuta ɗan littafi a 1666 tana kare wa'azin mata daga Nassi, tana kurkuku ma lokacin. Hujjarsu Ayyukan Manzanni 2:17, 'ya'yanku maza da mata za su yi annabci. Elizabeth Fry da ta shiga kurkukun Newgate a 1813 ta ga mata da 'ya'yansu a cushe a ƙasa ta tayar da gyaran gidajen yari, mai wa'azi ce a cikinsu kuma uwar 'ya'ya 11. Wannan daidaiton ne ya sa mazansu na farko suka ƙi cire wa alƙali ko basarake hula, wanda a Ingila ta lokacin kamar ka shiga fada da takalmi ne ka ƙi faɗuwa gaisuwa. Ni har yanzu ina durƙusa wa manya, amma na koyi tambayar kaina ko gaisuwar da nake wa mai gadi ta kai rabin wadda nake wa mai gidan.

Me ya sa ba sa rantsuwa ko a kotu?

Matiyu 5:34 zuwa 37 da Yaƙub 5:12, kada ku rantse sam, i ɗinku ya zama i, a'a ta zama a'a. Suka ce in sai ka ɗora hannu a kan Littafi za ka faɗi gaskiya to kana da gaskiya iri biyu ke nan. Wannan ya kai da yawansu kurkuku, don alƙalin da ya rasa laifin da zai kama su da shi sai kawai ya ce su yi rantsuwar biyayya ga sarki. Dagewarsu tana cikin abin da ya sa dokar Ingila ta yarda mutum ya yi alkawarin faɗin gaskiya maimakon rantsuwa.

A kasuwa kuma sai suka ƙi taya-in-rage, kaya kuɗinsa ɗaya ko wa ya zo. Da farko masu saye sun guje su, daga baya aka gane ko yaro ka aika shagon ɗan Kweka ba za a cuce shi ba, ciniki ya koma wajensu. Ban ce a daina ciniki a Kasuwar Kurmi ba, taya kaya al'ada ce kuma kowa ya san wasan. Amma rantsuwar nan da muke yi cewa ko uwar kuɗi ba ta fito ba alhali ta fito har da riba, wannan fa?

Da gaske ba sa yaƙi ko an kawo musu hari?

Matsayinsu ke nan tun sanarwar da suka miƙa wa Sarki Charles na biyu a farkon 1661, cewa sun ƙi duk wani yaƙi da makami ko don wane dalili. Ba zaman naɗe hannu ba ne, a yaƙin duniya na farko sun kafa ƙungiyar ɗaukar masu rauni a 1914, bayan yaƙin suka ciyar da yaran Jamus da yunwa ta kama, a 1947 ƙungiyoyinsu biyu na agaji suka karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Mu ma sun taɓa mu: lokacin yaƙin basasar Najeriya daga 1967 zuwa 1970 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai da komo da saƙo tsakanin Janar Gowon da Ojukwu a asirce. Ba su ne suka tsayar da yaƙin ba amma ɓangarorin biyu sun yarda su saurare su.

Wanda ya san EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa da ta faro a Garkida a 1923, ya san dangin wannan koyarwar, don 'Yan'uwa da Menonayit da 'yan Kweka su ukun ne ake kira cocin salama na tarihi. Kuma mun ga abin da EYN ta sha a Borno da Adamawa. Saboda haka ba na ɗaukar tambayar da wasa, faɗin ta a ɗaki mai ɗumi a Birmingham daban, faɗin ta ga wanda aka ƙona wa ƙauye daban. Su kansu ba duka suka iya riƙewa ba, a yaƙe-yaƙen duniya biyu akwai samarinsu da suka shiga soja.

An ce su ne suka fara yaƙi da cinikin bayi?

Suna cikin na farko, amma hannunsu ba a wanke yake ba. William Penn, ɗan Kwekan da ya kafa Pennsylvania a Amurka a 1681, yana da bayi. A 1688 wasu mutum huɗu a Germantown ta Pennsylvania suka rubuta takardar ƙin bauta, taron 'yan Kweka ya ajiye ta bai yi komai ba. Sai da irin su John Woolman, wani tela daga New Jersey, suka yi shekaru suna bin gidajen 'yan'uwansu masu bayi ɗaya-ɗaya suna zama da su, shi Woolman in an ba shi masauki ya biya bayin da suka yi masa hidima, kafin a 1776 taronsu na Filadelfiya ya hana memba mallakar bawa. Kusan shekara 90 ke nan. A kwamitin da aka kafa a Landan a 1787 don hana cinikin, tara daga cikin mutum 12 'yan Kweka ne.

Yaya suke da Musulmi da sauran addinai?

Tunda sun yarda Hasken yana haskaka kowane mutum, suna shiga wajen kowa da tsammanin za su tarar Allah ya riga su. Akwai labarin Mary Fisher, 'yar aikin gida daga Yorkshire, wadda a 1656 hukumar Boston ta ɗaure ta ta ƙona littattafanta ta kore ta, a 1658 kuma ta kai kanta har sansanin Sarkin Daular Usmaniyya Mehmed na huɗu kusa da Edirne ta ce tana da saƙo daga Allah. Sarkin ya karɓe ta da girmamawa, ya saurare ta har ta gama, ya yi mata tayin masu rakiya. A Ramallah ta Falasɗinu suna da makaranta mai asali tun 1869 inda yaran Musulmi da Kirista suke karatu tare.

Zan iya gwada wannan ba tare da na bar cocina ba?

Ƙwarai kuwa, ni ma haka nake. Fara da minti goma da asuba kafin gida ya tashi, waya a wani ɗakin, karanta aya biyu ko uku ka rufe Littafin ka zauna, kada ka roƙi komai tukuna. In an saba a ƙara. Ya fi kyau da mutane, don kamar yadda na faɗa a amsar sujada abin na jama'a ne, mu huɗu muke yi yanzu ran Alhamis da yamma na rabin awa kuma na sanar da fastonmu tun farko don kada a ɗauka wata ƙungiya ake kafawa a ɓoye. Wani abin aro kuma shi ne tambayoyin binciken kai da suke karantawa a taro, ba a amsa su da baki, kowa ya tafi da su. Mu mukan tsara namu: akwai wanda nake gudun haɗuwa da shi a satin nan, don me? Abin da na saya jiya buƙata ce ko don a gani? Sannan in wata babbar shawara ta taso, aure ko barin aiki, suna tara mutum uku ko huɗu amintattu su zauna da kai, ba su ba ka shawara, tambayoyi kawai suke maka da shiru a tsakani har kai da kanka ka ga hanya.

Gargaɗi ɗaya, duk abin da ka ji a shiru ka auna shi da Nassi kuma ka faɗa wa wani balagagge cikin bangaskiya kafin ka aikata, duba amsar gane muryar Ruhu a sama.

In na zauna bacci ke ɗaukata ko hankalina ya ƙi tsayawa, in daina?

Kada ki daina 'yar'uwa, ke ce ta uku da ta yi min wannan tambayar kuma dukkanku masu goyo ne. Wanda ya gaji jikinsa zai karɓi haƙƙinsa, a can ma na sha ganin tsofaffi suna gyangyaɗi ba wanda ya tashe su. Ki zauna a kujera maimakon gado, ƙafa a ƙasa, ido a buɗe in ya fi miki, ki zaɓi lokacin da ba ki fi gajiya ba ko da bayan an kai yara makaranta ne. Hankali kuwa zai yi ta yawo, sau ashirin ya tafi sau ashirin ki dawo da shi da ayarki ba tare da kin zagi kanki ba. In jariri ya farka a minti na huɗu ki ɗauke shi ki ci gaba da zaman yana kan cinyarki, a taronsu ma yara sukan shigo su zauna da manya na minti goma ko sha biyar, da motsinsu da komai.